Awon da Na Ɓoye Maka, Mai Turmi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina ɗakin gwaje-gwaje sakatariyar sashenmu ta leƙo ta ce Allah ya yi maka rasuwa da hantsi, bayan jinyar kwana tara.

Ni na laƙaba maka Mai Turmi, kuma ba don ƙauna ba. Shekara goma sha ɗaya teburanmu na kallon juna, muna aiki kan abu guda, garin tangaran na sinadarin fosfet. Ni ina cusa nawa a babban tanderu, zafi digiri dubu da ɗari biyu, kwana biyu ina shanye wa sashe wutar lantarki. Kai kuwa ka jiƙa sinadaranka, ka busar, ka niƙa a ɗan turminka na hannu, ka gasa da rabin wannan zafi. Sai ga garinka ya fito, duk zafin da ya sha da ƙyar yake buɗewa, wato ƙara girma, balle abin da aka ƙera da shi ya tsage. Wallahi abin ya tsaya mini a wuya.

Ga kuma kirkinka mai ban haushi. Ranar da tanderuna ya lalace, aikinka ka ajiye ka gyara mini. Ɗalibaina ma wurinka suke kai tambaya, ka amsa musu, sannan ka ce, "Ku koma wajen Yaya, ya fi ni sani." Ina ji, zuciyata na ƙuna.

Bara mujallar da ka aika wa sakamakonka ta ce sai wani ya maimaita awon buɗewar kafin ta buga. Ka kawo mini garin a kwalba, ka ce, "Yaya, da hannunka na yarda." Sau uku na auna. Alƙalumanka ne suka fito, daidai wa daida. Hassada ta sa na kulle takardar a durowa, na ce maka na'urar awon ce ke ba da matsala. Wata takwas kana tambayata, kana ba ni haƙuri wai ka takura mini.

Jiya na aika wa mujallar awon, haɗe da bayanin abin da na yi. In Allah ya yarda aikin zai fito da sunanka kai kaɗai. Amma ka tafi kana zaton ko kai ne ka yi kuskure, kuma wannan ba ni da yadda zan gyara shi.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka uku haƙurin wannan rashi. Ni kuma ku sa ni a addu'a, don wanda ya kamata in roƙa gafara ba ya nan.