Leonard, Likitan Godogodo

Leonard Zamani ya dawo Godogodo bayan yaƙin basasa da akwatin ƙarfe da wata irin tafiya da ba a san shi da ita ba. Kafin ya shiga soja yaro ne mai sunkuyar da kai, ko gaisuwa ya yi sai an ce ya maimaita. Ya dawo ƙirji a buɗe, haɓa sama, in yana magana da mutum ba ya kau da ido. Bai karanci aikin magani ba. Wanke kwanoni da dafa ruwa yake yi a tantin wani likitan soja. Amma ya zuba ido ya ga yadda likitan ke goya hannu a baya, yadda yake ɗan yin shiru kafin ya ba da amsa, yadda kalmar "wataƙila" ba ta taɓa fita daga bakinsa. Iyakar abin da ya koyo ke nan.

Ya ɗinka farar riga a Kafanchan, ya sayo sirinji da kwalaben allura wurin masu kemis, ya share ɗaki a bayan gidan ubansa. Kafin a girbe acca, tsofaffin da suka ga haihuwarsa sun koma kiransa Likita.

Alhali kuwa garin yana da ɗakin shan magani, da malami a ciki mai suna Martins, wanda ya yi karatun aikin a Zariya. Sai dai Martins in zai yi magana sai ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa, ya ce bai tabbata ba tukuna. Mutane suka ce wanda bai yarda da kansa ba, yaya za su ba shi 'ya'yansu? Sai su wuce ƙofarsa su tafi wurin Leonard, wanda bai taɓa ganin ciwon da ya rasa sunansa ba. Waɗanda Allah ya sa suka warke suka yi ta yabonsa. Waɗanda suka tashi da ƙurji a mazaunai aka ce jininsu ne ba kyau.

A daminar 1975, Lai'atu matar Gregory, wani manomin doya, tana da tsohon ciki. Ƙafafunta suka kumbura, kanta na sara, tana ganin duhu-duhu. Gregory ya kai ta wurin Martins da safe. Martins ya auna ta, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, gara su bi motar yamma zuwa asibiti a Kafanchan. Gaskiya ya faɗa, amma ya faɗe ta ƙasa-ƙasa kamar mai neman gafara.

A hanyar gida suka haɗu da Leonard. Ya tsaya, ya goya hannu, ya dubi Lai'atu daga sama har ƙasa, ya yi shirun nan nasa.

"Ƙarancin jini ne," in ji shi. "Ɗan'uwa, kada ka wahalar da ita a mota. Kawo ta ɗakina."

Gregory ya ji hankalinsa ya kwanta, irin kwanciyar da bai samu wurin Martins ba. Aka yi mata allura. Washegari da rana ta faɗi a tsakar gida tana jijjiga. Suka samu wata tifa ta ɗauke su, amma kafin su wuce Gidan Waya rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta.

Gregory ya kai ƙara gaban dattawan ikilisiya. Abin da ya faru a zaman nan shi ne har yau in aka tuna yake ƙona rai. Mutumin da aka kashe wa mata ya miƙe, Hausa ta kuɓuce masa, yana haɗa ta da yarensu, yana maimaita abu guda, majina da hawaye sun haɗu. Dattawa suka riƙa cewa ya natsu. Aka kira Martins, ya sosa ƙeya ya ce shi dai bai ga abin da aka zuba a sirinjin ba. Sannan Leonard ya tashi cikin farar rigarsa. Ya gaida fasto, ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa Gregory ta'aziyya. Cikin murya mai sanyi ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, an dai kawo ta a makare. Kawuna suka fara gyaɗawa.

Gregory ya tsallake benci ya kwaɗa masa mari. Gregory aka sa a ƙarƙashin horo, aka hana shi cin jibin Ubangiji, saboda ya ɗaga hannu a ɗakin sujada. Leonard kuwa aka yabi haƙurinsa.

Wadda ta karya shi matarsa ce, Afiniki. Ita take wanke kwalaben, kuma ita da marigayiyar tare suke waƙa a Zumuntar Mata ta ikilisiya. A taronsu na gaba ta miƙe ba tare da an ba ta dama ba.

"Iyayena mata, mijina ba ya iya karanta abin da ke jikin kwalba," in ji ta. "Da launi yake gane su. In maganin ya kusa ƙarewa, dafaffen ruwa yake ƙarawa. Ni nake dafa masa."

Ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta a ranar. Mata suka daina kai masa yara, maza suka biyo baya a hankali, amma babu dattijon da ya je ya ba Gregory haƙuri, babu kuma wanda ya kai maganar wurin 'yan sanda.

Leonard bai ji kunya ba. Ya ɗaure akwatinsa ya koma Jere, bakin titi, inda fasinja ke sauka su hau, ba wanda ya san uban wani. Cikin 'yan shekaru ya sayi babur, ya sake aure.

Wata ranar kasuwa Gregory ya hau mota zai kai doya Kafanchan. Direban ya shiga ba fasinja labarin wani ƙwararren likita a Jere, tsohon soja, wanda kallo ɗaya yake yi maka ya faɗi ciwonka. Har wata mata ta tambayi kwatancen wurin. Gregory ya buɗe baki zai yi magana, Hausa ta sake kuɓuce masa, yana maimaita abu guda, fasinja suka juyo suna kallonsa kamar mashayi. Ya bubbuga jikin motar ya ce a sauke shi. Ya bar doyar a ciki, ya kama hanyar gida da ƙafa.