Doguwar Gaisuwar Rilwanu

Ni ce Tasalla, mai makala, wato fanke, da wake a bakin masallacin layinmu a unguwar New Bell. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma da ƙyar, amma yau murna ta hana ni zama, na ce sai na rubuta labarin ƙanena Rilwanu. Jiya ya buɗe baki ya yi kiran masu saye a kasuwar Marché Congo. Wanda bai san mu ba zai ce to sai me? Bari in faro daga farko.

Rilwanu ne autanmu, ni na goya shi. Kakanmu daga Kano ya zo da fataucin goro, a nan Duwala aka haifi babanmu, a nan aka haife mu. Tun yana jariri in ya tsala kuka, maƙwabta sai su buga katangar katako su ce, "Tasalla, kai lasifikar nan wajen uwarta!" Boko bai shige shi ba. Abin da Allah ya ba shi murya ce. Da ya tasa sai masu atamfa na kasuwar Grand Hangar, can ƙetaren gada a Bonabéri, suka riƙa ɗaukarsa yana kira musu masu saye. Ya tsaya ƙofar shago ya yi da Hausa, ya juya Faransanci, ya koma Fijin, Turancin kasuwa, har masu bensikin, 'yan acaɓarmu, su rage gudu su saurara.

Yana da wani hali kuma. Rilwanu ba ya iya yi wa babba magana bai gaishe shi ba, kuma gaisuwarsa ba ta da ƙarshe. Innarmu ce ta dasa masa ita da ludayi a ka. In aka aike shi sayen gishiri, sai miya ta ƙone kafin ya gama da dattawan layi.

Ana nan sai ga wata jam'iyya ta fito. Sunanta na Faransanci dogo ne, ban taɓa iya faɗarsa daidai ba. Mu 'Yan Ranjas muke ce musu, saboda takalman soja da samarinsu ke sawa. Shugabansu wani tsohon kanar ne da ya yi ritaya. Suka ce gari ya lalace, a koma tsari, kowa ya san matsayinsa, titi na mota ne ba na tebur ba, baƙi kuma sun yi yawa. Da farko har mu mun tafa musu, don sun yashe kwatoci, sun kori ɓarayin mararrabarmu. Manyan masu shago ma sun ji daɗi, da ma tebura na tare musu ƙofa. Sai muka fara ganin manyan motoci koraye ba lamba suna kawo samarin. Kowa ya san daga inda irin motocin nan ke fitowa, amma ba mai faɗa.

Wani cikin 'Yan Ranjas ya ji Rilwanu yana kira a Grand Hangar, ya ce ya zo ofishinsu.

"Yaya, murya kawai za su ɗauka," in ji Rilwanu da ya zo gaya min. "Sanarwar tsafta ce."

"Kai Auta, ni mutanen nan ba su kwanta min ba."

"Ke ma ai kin tafa musu."

Gaskiya ya faɗa.

Sai da ya shiga ofishin aka rufe ƙofa, sannan suka gaya masa abin da zai juya da Hausa: duk mai tebur a bakin titi, duk baƙon da ba shi da takarda, ya tattara ya bar wurin, in ba haka ba a kwashe kayansa. Ga ƙato da takalmi tsaye a bayansa. Ya faɗa. Amma da ya tuna iyaye ne za su ji, sai bakinsa ya fara da abin da ya saba: "Salamu alaikum jama'ar Annabi. Iyayena, ina kwananku? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ruwa? Yaya kasuwa? Allah ya ba da sa'a." Ya ja ta, ya ja ta. Su ba sa jin Hausa, suka ɗauka duk gargaɗin ne.

Wata safiya ina suya na ji muryar ƙanena ta cika layi tana tambayar gajiya. Wallahi har na amsa, na ce lafiya lau. Ina ɗaga kai sai na ga mota koriya da lasifika a kanta, samari na dirowa suna kifar da tebura. Man suyata ya ƙone a wuta ina tsaye.

Waɗanda abin ya fi ci su ne 'yan'uwanmu sababbin zuwa daga Najeriya, masu hula da turare da takalma a gefen Marché Congo. Kullum da muryar Rilwanu ake zuwa musu. Bayan wani lokaci ma aka yanke gaisuwar, wani mai jin Hausa ya tsegunta musu, maganar ta koma farawa daga "duk mai tebur". Sababbin zuwan suka rantse duk ranar da suka kama mai muryar nan sai ya gane kurensa. Fuskarsa ba su sani ba. 'Yan unguwa na da sun sani, sun rufa mana asiri don darajar babanmu, amma wasu sun daina sayen makalata.

'Yan Ranjas sun ci wasu kujeru a zaɓen gari, suka yi ta fankama. Daga baya abin ya soma zubewa. Aka ce manyan da ke ba su motoci an sauya musu wurin aiki. Motocin suka daina zuwa. Kanar da mataimakinsa suka yi rigima kan wane ne shugaba, ofishi ya rabu biyu. Da zaɓe ya zagayo ba su samu ko kujera ba, Kanar ya tafi waje neman magani, bai dawo ba. Ofishin nan yanzu daskararren kifi ake sayarwa a ciki. Samarin suka tuɓe takalma suka zuba a gwanjo, suka koma bensikin abinsu, ka hau bayan mutum ba ka san shi ya karya maka tebur ba.

Shi Rilwanu me zai tuɓe?

Wata rana a teburin mai shayi ya ce a ƙara masa sukari. Wani mai sayar da takalma ya ajiye kofi, ya juyo a hankali ya ce, "Malam, sake magana in ji." Rilwanu ya bar shayin ya bi lungu da gudu. Tun daga ranar ya koma raɗa. Ya bar kira, ya koma ninke atamfa a bayan wani shago. Kowa ya tambaya sai mu ce maƙogwaro ne. Ko amin ɗinsa a masallaci ba a ji. Ni kuwa in ya ɗan yi jinkirin dawowa sai in fita mararraba ina leƙen kowane taro, ko shi aka kewaye. Shekaru muka yi a haka.

Sai Rahinatu ta fara zuwa sayen makala. 'Yar Malam Rabe ce, mutumin Funtuwa mai hula da turare, ɗaya daga cikin waɗanda aka kwashe wa kaya.

"Kai kullum mura?" ta ce masa. "Ko rowar murya kake?"

Ya yi murmushi. Daga nan kullum sai ya sami abin yi a gindin murhuna. Da magana ta yi nisa ya gaya mata gaskiya. Ta daɗe ba ta zo ba, har na fidda rai. Ran da ta dawo ta ce, "Ni na ji. Baba kuwa ba a bakina zai ji ba."

Kawu Jibirilla, ƙanen babanmu, ya je nema masa aure. Malam Rabe ya ce, "A turo min yaron. An ce ba ya magana. Ni ba na ba da 'ya ga wanda ban ji bakinsa ba."

Na sayo masa mayafin wuya na ce ya naɗa, ya riƙa tari.

"Yaya, har yaushe?" ya ce da raɗarsa. "In an haifa min ɗa fa?"

"Huɗuba ai a kunne ake yi, raɗa ta isa."

"In ya ruga titi gaban bensikin, da raɗa zan kira shi?"

Duk da haka na cusa masa mayafin a hannu.

Shekaranjiya bayan la'asar muka tafi. Na shiga wajen uwar Rahinatu da kwanon makala, shi aka kai shi ɗakin gaba. Gidan katako ne, ko numfashi ana ji. Ina ta addu'a Allah ya sa ya yi tarin nan. Sai na ji ta, muryar da na yi shekaru ban ji ba, cikakkiya.

"Salamu alaikum. Baba, ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ruwa?"

Kofin shayi ya yi ƙara a faranti. Uwar Rahinatu ta dafe ƙirji.

"Ci gaba," in ji Malam Rabe. "Bayan ruwa me ke zuwa?"

"Yaya kasuwa, Baba."

"Kai ne."

"Ni ne."

Na fara neman takalmina da ƙafa, in an taso masa in shiga tsakani.

"Da gaisuwar nan muke gane sun shigo kwana," Malam Rabe ya ce. "Kana yaya iyali na naɗe tabarmar huluna. Kana yaya kasuwa ina cikin lungu. Ran da aka yanke ta, ran nan suka same ni. Ka ga wuyan hannun nan? Su suka karya shi, har yau ba ya ɗaukar buta. Wa ya yanke gaisuwar?"

"Ba ni ba ne, Baba."

"Amma sauran maganar kai ne."

"Ni ne."

"To ba ni kaɗai aka yi wa ba, ba zan yafe a madadin mutane ba. Gobe ka zo teburina ka kira min kaya da wannan muryar, kowa ya ji. In azahar ta same ka a wurin, Jibirilla ya dawo."

Jiya ban kunna wuta ba. Na bi shi kasuwa, sai da muka isa na ga ashe da ludayin suya na fito a hannu. Ya tsaya gefen huluna, ya yi sallama.

Wayyo, ba zan manta ba. Layin nan gaba ɗaya ya motsa. Mutane suka hau tattara kaya, wani ya sunkuci buhu ya yi lungu. Sai suka duba, ba mota, ba takalmi, sai wani siririn saurayi. Mai takalman nan na teburin shayi ya ratso ya ci kwalarsa har riga ta yage. Na ɗaga ludayi.

"Sake shi ya gama gaishe ka," in ji Malam Rabe, ko tashi bai yi ba.

Mutumin ya sake shi, ya tofar da yawu ya tafi. Shi kam bai huce ba, na sani.

Rilwanu ya ci gaba. Da ya kai "yaya kasuwa", wani tsoho mai carbi ya daka masa tsawa: "Kasuwa ba lafiya! Kullum kana tambaya ba ka tsayawa ka ji amsa. Zo nan ka ji!"

Ƙanena ya je ya durƙusa. Tsohon ya zayyana masa yadda aka tattake masa kaya a cikin taɓo. Yana gamawa na kusa da shi ya ce saura shi. Haka Rilwanu ya bi tebur tebur, ya gaisar, ya durƙusa, a gaya masa. Wasu sun zage shi. Wani ya juya masa baya. Wani kuwa da ya gama faɗa sai ya miƙo masa ruwan leda. Tsakani ya koma ya kira hula, har aka sayi wasu. Ni ina tsaye a rana, ina jiran wanda zai ɗauko itace.

Ladan ya kira azahar Rilwanu na nan tsaye da yagaggiyar riga. Malam Rabe ya nuna masa buta ya ce, "Zuba min ruwa, hannun nan ba ya iyawa." Sannan ya dube ni ya ce, "Ke mai ludayi, ki gaya wa Jibirilla ina jiransa."

Na yi guɗa a tsakiyar Marché Congo, ban ji kunyar kowa ba. Yanzu haka Kawu ya sa babbar rigarsa ya tafi. Angon kuwa ga shi nan zaune a ƙofar ɗaki, muryar ta dishe da gaske, ina dafa masa citta.