Keken da Aka Ba Yayata

Yayata ta girme ni sosai, ita ce ma ta yi rainona. Shan-inna ya kama ta tun tana ƙarama, ƙafarta ta hagu ta shanye, ba ta sake girma ba. Amma a ƙauyenmu, can kusa da Shetimari a bakin kogin Komadugu, ban taɓa jin wani ya kira ta gurguwa ba. Tana da sandarta ta itacen aduwa, tana da jakinta, kuma zaninta kullum har ƙasa yake. Idan aka tsinko tattasai daga garka, mashanya tata ce. Ita ke baza shi a kan rairayi, ita ke juya shi, ita ke faɗa da mazan gidan idan suka zuba ɗanye cikin busasshe. Har wanmu, wanda ya gaji gonar bayan rasuwar Baba, shakkar bakinta yake yi.

Ni ce aka sa lakwal, makarantar boko. Da na gama, na samu aikin buga takardu a wani biro, wato ofishin gwamnati, a Difa, na yi aure a can. A wurin aiki ƙofarmu tana kallon ta wata mata mai kula da sha'anin nakasassu, Kirista ce daga kudu, kowa Madam yake ce mata. Ba ta jin Barbarci, don haka idan mutanen ƙauye suka zo sai ta leƙo ta kira ni in yi mata tafinta. Ta haka na san yadda abin yake tafiya. Wata rana na ba ta labarin Yaya.

“Ki kawo ta mana,” in ji ta. “Amma ki gaya mata gaskiya, ba kuɗi ake miƙa wa mutum a hannu ba. Likita zai duba ta ya shaida, a yi mata hoto, in haɗa dosiye, wato takardunta duka, in aika Yamai. Su ne za su ga abin da ya dace da ita, ko keke, ko sandunan ƙarfe, ko keken ɗinki. Akwai kuma kati, in ta nuna a asibitin gwamnati ba za ta biya kuɗin ganin likita ba. Sai dai fa akwai jira.”

Na tafi gida ranar hutu cike da murna, kamar wadda ta ɗauko tsaraba. Na tarar da Yaya a mashanya, idanunta sun yi ja saboda yaji. Na zayyana mata komai.

“Wa ya ce musu ina neman wani abu?” ta tambaye ni.

“Ba roƙo ba ne, Yaya. Haƙƙinki ne.”

“Haƙƙin su wa?”

“Na nakasassu.”

Ta ci gaba da tsince ƙarare daga cikin tattasai, ba ta ɗago ba. Inna ce ta sa baki daga inuwa. Ta ce jakin ya tsufa, ita ma ta tsufa, kuma abin da hukuma ta miƙo ba a mayar mata da hannu. Yaya ba ta musu da Inna. Ta ce to.

Ranar da na kai ta Difa, mun fara da mai hoto. Madam ta ce hoto biyu ake so, na fuska da na tsaye wanda zai nuna lalurar. Mai hoton ya tsayar da ita jikin wani labule mai zanen bene da furanni, ya leƙa na'urarsa, ya ce ba a ganin komai, sai an ɗage zani. Yaya ta dube ni. Ni na durƙusa na naɗe mata shi zuwa gwiwa. Tun ina yarinya rabona da ganin ƙafar nan a fili. Akwai maza biyu zaune a kan benci suna jiran nasu layin, suka sunkuyar da kai, Allah ya saka musu. Ita kuwa ta kafe bango da ido har aka gama.

Likitan mutumin kirki ne. Ya auna ƙafar, ya lanƙwasa ta, ya sa ta taka ba sanda, ta kusa faɗuwa na tare ta. Yana rubutu yana yi mini tambayoyi da Faransanci, ko tana iya ɗebo ruwa, ko tana iya tafiya mai nisa. Na san abin da dosiye ke buƙata, kuma ba ƙarya na yi ba, tulu ba ta ɗauka, tafiya mai nisa sai da jaki. Na amsa a'a, a'a. Babu wurin da aka tambayi abin da take iyawa. A hanyar komawa tasha ta ce, “Me kika ce masa?” Na ce na gaya masa yadda ƙafar take. Ta ce, “Ai ya gani da idonsa.”

Daga nan sai jira. Aka tsinke tattasai, kogi ya janye, ya dawo, aka sake dashe. Har na fara jin kunyar zuwa gida. Katin ya riga zuwa, na kai mata, ta juya shi ta ga hotonta, ta jefa cikin kwallar Inna. Can wata safiya Madam ta leƙo tana dariya, ta ce kekuna sun iso, sunan Yaya na ciki.

Ban san za a yi taro ba sai ana gobe. Aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, manya suka zo da manyan riguna, ga mai rediyo da na'urarsa. Waɗanda za a ba kayan aka zaunar da su a kan tabarma a gaba. Da yawansu na san su, ina ganinsu ƙofar masallaci ranar Juma'a. Yaya ta saka atamfarta ta salla, ta zauna a ƙarshen layi, ta ajiye sandarta a gefe. Aka yi jawabai, aka kira sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kanta, wasu samari biyu suka ɗaga ta cak suka ɗora a kan keken kafin ta kai hannu ga sandar. Jama'a suka tafa. Ni ma na tafa, ina tsaye cikin ma'aikata.

Keken mai ƙafa uku ne, shuɗi, ana murza shi da hannu. Muka ɗora shi saman mota zuwa ƙauye. Yara suka yi ta bin sa da ihu. Yaya ta hau a ƙofar gida, ta murza, ƙafar gaba ta nutse cikin rairayi. Wanmu ya tura, ya ɗan yi gaba, ya sake nutsewa. Daga gidanmu zuwa mashanya babu inda ƙasa ke da tauri. Wanda ya zaɓa mata keke a Yamai takarda ya gani, bai ga ƙauyenmu ba. Aka jingine shi a zaure, kaji suka riƙa kwana a kansa.

Wanmu ya kawo shawarar a sayar a sayi ƙaramin jaki. Na je na tambayi Madam. Ta ce ba a yarda ba, kayan na mai sunan ne, kuma ana zagayawa a duba. Wanda aka samu ya sayar, ko ya bar shi yana tsatsa, da wuya a sake sa shi cikin wani rabo. Ta ce da ma a gari Yaya take, inda akwai kwalta.

Maganar ta zauna mini. A lokacin ina da ciki, ina kuma neman wanda zai zauna mini a gida. Har yau ban iya raba dalilan nan biyu ba, ban san wanne ya fi nauyi a zuciyata ranar da na je na ce wa Inna ta ba ni Yaya. Jakin ya mutu a daminar, wannan ya sauƙaƙa mini magana. Yaya ta ce sai bayan an gama shanya. Da aka gama ta ɗaure kayanta ta biyo ni.

A Difa keken ya yi tafiya. Cikin ƴan kwanaki ta gwanance, kafaɗunta suka yi ƙarfi, tana zuwa kasuwa ta yi mini cefane. Wata rana ta dawo da wuri, babu kayan miya. Ta shigo tsakar gida ta tsaya, ba ta sauka ba.

“Lafiya, Yaya?”

“Na tsaya bakin kasuwa ina huta hannu,” ta ce. “Wani alhaji ya wuce ya jefa mini dala a cinya.”

“Kin mayar masa?”

“Na kira shi bai waiwayo ba. Ya riga ya samu ladansa.”

Ta ɗora kuɗin a kan katanga ta shige ɗaki. Mijina ya ce in bar ta, za ta saba. Ba ta saba ba, amma ta samo dabara. Ta sa aka ɗaura mata akwatin katako a bayan keken, ta riƙa sayo tattasai tana kaiwa niƙa, tana ƙullawa tana sayarwa. Ta ce idan mutane suka ga haja ba sa jefo sadaka. Sannu a hankali ta yi masu saye, matan ma'aikata har gida suke biyo ta. Matan da aka ba kekuna tare da ita suka ja ta cikin ƙungiyarsu, tana zuwa taronsu, wani lokaci ta dawo tana ba ni labari tana dariya. Ƴaƴana duk a hannunta suka tashi.

Duk wanda ya gan ta sai ya ce na kyauta. Madam ma, kafin a mayar da ita kudu, ta kan kawo baƙi su ga Yaya, a matsayin wadda taimako ya yi wa amfani. Kuma ya yi. Shekarar da ciwon ƙirji ya kwantar da ita, katin nan ya yi aiki, likita ya gan ta ba a karɓi ko tamma ba, magani kawai muka saya.

Da Inna ta rasu muka tafi ƙauye zaman makoki. Lokacin shanya ne. Bayan addu'ar bakwai, da hantsi, na nemi Yaya ban gan ta ba. Na bi sawun sandarta. Ta kai kanta har mashanya, tana hutawa a hanya, ta zauna gindin wata bishiyar bedi. Matar wanmu ce ke riƙe da wurin yanzu, ita da ƴaƴanta mata, kuma suna yi da kyau. Sun shimfiɗa mata tabarma, sun kawo mata ruwa, suna ce mata kada ta taɓa, yaji zai dame ta. Wata ƙaramar jikar maƙwabta da aka haifa bayan tafiyarta ta tambayi uwarta ko wannan ce gurguwar Difa. Uwar ta kai mata duka. Yaya ta ce a ƙyale ta, yarinya ce.

Na zauna kusa da ita. Na ce, “Yaya, in kina son zama a nan, sai in yi wa wanmu magana.”

Ta daɗe tana kallon jan tattasan da ya rufe ƙasa har bakin garka.

“In zauna in yi me?” ta ce. “Sun iya.”

Na ce mata ni dai alheri na nufa. Ta ce ta sani, ai ba ta taɓa cewa komai ba. Gaskiya ne, ba ta taɓa ba, da ta faɗa ko sau ɗaya da wataƙila na samu sauƙi. Ta yi cinikin buhu biyu a wurin matar wanmu, ta taya kamar baƙuwa, ta sa aka kai mata bakin hanya. Da la'asar muka samu motar Difa, aka ba ta gidan gaba, ni na hau baya tare da buhunan.