Akuyarmu ta Cinye Ƙarshen Labari

Shekarun baya, lokacin farin da gero ya bushe a tsaye tun daga Kurawa har Unguwar Lalle, ina 'yar firamare a Sabon Birni. Rijiyar unguwarmu ta ja baya, sai an jira ruwa ya taru kafin a zura guga. Mata kan wuni a bakinta, kowace da tulunta, ga zafi ga faɗa kan layi.

A shekarar ce malamarmu ta dawo daga Sakkwato da wani ɗan littafin labari na Hausa. Littattafan da munka saba gani, yaran ciki duk Turawa ne. Wannan kuwa a bangonsa yarinya ce baƙa da kitso irin nawa, ta fita neman ɗan raƙumin babanta da ya ɓace. A baya ga hoton wadda ta rubuta, mace da ɗankwali, sai ka rantse gwaggota ce. Na yi ta naci har Malama ta ba ni aro, ta ce kada ko ƙura ta taɓa shi.

Ni da son a sani, sai na tafi da shi rijiya ina karantawa da ƙarfi. Kafin a jima masu faɗa sun yi shiru, sun matso. Kullum ina isowa sai ka ji ana cewa, "Ku gyara mata wuri, mai raƙumi ta zo."

Ranar da munka kai inda yarinyar ta jiyo kukan raƙumi a bayan tudu, sai layi ya zo kaina. Na aje littafin kan murfin tulu na kama igiya. Ina juyowa na ga akuyarmu, wadda yunwa ta koya wa cin kwali, tana tauna shafukan ƙarshe ido lumshe.

Na fasa kuka. Maƙwabciyarmu ta dafa ni, na zaci rarrashi za ta yi, sai ta ce, "Ke ɗiyar nan, bari kuka ki hwaɗa muna, an gane raƙumin ko ba a gane ba?"

Ban sani ba. Ni abin da ke raina, da wane ido za ni kalli Malama.

Da safe kakata ta yafa zane, ta ɗaura wa akuya igiya, ta ce, "Tashi mu tahi." Har ƙofar aji ta ja ta.

"Malama, ga wadda ta karance littahinki. Tambaye ta mi ya hwaru."

Malama ta yi dariya har da hawaye. Da ta natsu ta ce, "Inna, ku sake ta." Ta dube ni: "Wadda ta rubuta shi, kai ɗaya gare ta kamarki. Koma wurin masu saurarenki ku ƙarasa, ki rubuto mini."

Ranar nan rijiya ta zama kasuwa, kowace na kawo nata ƙarshen labarin. Wata ta ce a kasuwar garin Isa anka ga raƙumin. Wata ta ce a'a, uwarsa za a saki ta bi warinsa. Kakata ta buga sanda ta ce ruwan sama za a yi, yarinya ta bi sawunsa cikin danshi. Nan anka ce amin baki ɗaya.

Nata na rubuta, mahaifiyata ta ɗinke shi a jikin littafin da zaren kaba. Da na karanta musu, kakata ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe maganata na shiga takarda!"

Kafin nan na ɗauka littafi daga wata duniya yake saukowa, mu namu kallo. Yau na yi jikoki, kuma in na shiga shagon littattafai sai na juya baya na ga fuskar marubuci kafin in saya musu. Farin ya cinye mana shanu da hatsi, ban manta ba. Amma duk aka ambaci shekarar, dariya ce ke riga hawaye zuwa.