Dalmar Hanci

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma Baba ya ce mini, "Ki rage wa hancin dalma." Na rubuta a littafina har da lokacin, don kuwa haka nake rubuta komai.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, bahasina, wato binciken kammala karatu, a kan wani jirgin saman yaƙi ne na farkon zamani, samfurin gwaji na katako da zane wanda bai taɓa zuwa yaƙi ba. Ni da Baba muka ɗauki wata uku muna ƙera ƙaraminsa a saman soron gidanmu da ke unguwar Al-Ranuna. Shi tsohon makaniki ne a matatar mai ta Yanbu. Muna tsakiyar aikin ɓarin jikinsa ya shanye, Larabcinsa ya tafi, sai Hausar mahaifiyarsa ta dawo bakinsa. Ni kuwa a lokacin ina jin Hausa, amma da Larabci nake amsawa.

Burinsa ya ga jirgin ya tashi. Likita bai ɓoye mana cewa lokaci ya ƙure ba.

Ranar nan ina gyaran nauyi, na ciro dalmar da ke hancin jirgin zan raba wa jela. Da ya yi maganar sai na ɗauka hancin ya yi nauyi, na kwashe kusan duka. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya buɗe baki, kalmar ba ta zo ba. Na ji kunyar in sake tambaya.

Washegari muka kai Baba wani fili kusa da Uhudu a kujerar guragu. Jirgin ya ɗaga kai sama, ya tsaya cak, ya faɗo ta jela, fiffike ya tsage. Baba ya daɗe yana kallon ɓaraguzan. Bayan kwana tara ya rasu.

Na yi watanni ina bin lissafina layi-layi, ban ga kuskure ba. Wata rana Goggo, yayar Baba, ta same ni da littafin, na karanta mata maganar Baba da na rubuta.

"Sake faɗa, 'yar boko."

Na sake.

"Kika yi yaya?"

"Na kwashe, Goggo. Ai ya ce in rage."

Ta ajiye kofin shayinta.

"'Yar nan, in na ce ki rage wa yayanki tuwo, kwashewa kike yi? Cewa ya yi ki bar wa hancin dalma."