Jan Kwali da Shuɗin Kwali

Larabci nake koyarwa a wata sakandare a nan Sakkwato, kuma har na kusa shekara hamsin ban taɓa leƙa cikin kwamfuta ba. Abin da ya kai ni ga leƙawa, takardun mahaifinmu ne. Da ya rasu ya bar adaka biyu a gidanmu na Ƙofar Dundaye, cike da rubutun hannu, wani nasa wani na kakanmu, Larabci da ajami a gauraye. Gara ta fara lasar gefen wasu, sai na shiga ɗaukar hotonsu da waya shafi bayan shafi, ina zubawa a wata tsohuwar laftof da nake da ita.

Da bazara ta kama, laftof ta ce ba ta san zancen ba. In na kunna ta, kafin in buɗe shafi goma ta yi zafi kamar kaskon tuya, sai ta ɗauke ɗif. Na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta. Maiɗakina har fifita ta yi mata da mafici wata rana, tana yi tana dariya. Duk a banza.

A makarantarmu akwai malamar da ke koyar da kwamfuta, 'yar Filato ce, Kirista, sun daɗe a Runjin Sambo ita da mijinta kafinta. Ita na kai wa kuka a ɗakin malamai. Ta ce laftof ɗin ta tsufa, kuma irin zafin garin nan ba ya raga wa ƙaramar na'ura.

"Malam, ka haɗa ta tebur mana," in ji ta. "Ka sayi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, mu sa mata fankoki isassu. In wani abu ya lalace, shi kaɗai za ka canza."

Na ce, "Malama, ana haɗa kwamfuta a gida? Na ɗauka daga can ake ƙero ta a rufe."

Ta yagi takarda ta rubuta mini abu bakwai, tana yi tana bayani. Firosesa ita ce ƙwaƙwalwa. Madabod shi ne babban faifan da komai ke zama a kansa. Ram kuma wurin da na'ura ke ajiye abin da take aiki da shi a lokacin. Sai ma'ajiya, wadda ita ma wurin ajiya ce. A nan na fara ɓata. Na tambaye ta, tunda duk ajiya ce, me zai hana a sayi ɗaya babba a huta? Ta ce ram kamar tebur ne, ma'ajiya kuwa kamar adaka. Na gyaɗa kai. Kafin in kai ƙofar makaranta na manta wanne ne teburin.

Kuskurena na farko shi ne nuna wa yayana takardar. Babban ma'aikaci ne a wata ma'aikata, mutumin kirki ƙwarai, amma tun muna yara bai taɓa cewa bai san abu ba. Ya ɗora tabarau ya karanta, ya taɓe baki.

"Wanga lissahi bai cika ba," in ji shi. "Ina katin hoto? Kai da aikinka duk hotuna na?"

Na ce Malama ba ta rubuta ba.

"Ta mance. Mu tai tare, kar a cuce ka."

Ran Alhamis da hantsi muka shiga layin masu kayan kwamfuta a motarsa. A shagon farko muka sami kusan komai. Da aka zo kan firosesa, mai shagon ya sauko da wani ɗan shuɗin kwali, na gwada lambar da ke jikinsa da ta takardata. Lamba ta yi daidai, sai dai akwai harafi ɗaya a ƙarshe wanda babu shi a takardar. Na nuna masa.

"Duk ɗaya na, Malam," ya ce. "Ƙarhinsu guda. Wagga ma ta hi sauƙi."

Na kalli Yaya, ya ɗaga kafaɗa. Muka karɓa. Madabod ɗin da Malama ta rubuta ne babu, sai mai shagon ya nuna mana wani shago a ƙarshen layi.

A shago na biyu Yaya ya karɓe takardar ya cusa a aljihu. Idonsa ya faɗa kan wani madabod a jan kwali, an zana shi da fitilu kala-kala. Ya ce mai kula da kwamfutocin ofishinsu kullum jan kamfanin nan yake yabo. Mai shagon, wani dattijo mai furfura a gemu, ya dube ni ya ce, "Wace irin firosesa ag gare ka?"

Na ce, "Mai ƙarfi ce."

Ya zuba mini ido yana jiran ƙari. Ni kuma iyakar abin da na sani ke nan, kwalin yana can cikin mota. Yaya ya ce ba komai, a kawo. Daga nan ya sa aka sauko da katin hoto, wani zungureren abu mai fanka uku a jikinsa, nauyinsa ya kai na bulo. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na kasa gane abin da ya hana ta kwanciya, balle in yi musu da yayana a gaban mutane.

Ran Asabar da safe na ɗauki keke na kai kayan gidan Malama. Mijinta ya share mana teburin aikinsa a ƙarƙashin rumfa, ya kawo ruwan sanyi. Ta fara fito da kwalaye tana cewa madalla, madalla, har ta kai kan jan kwalin. Ta tsaya. Ta ɗauki shuɗin ta ajiye kusa da shi, ta kalle ni.

"Malam, wannan da wannan ba sa zama tare."

"Me ya haɗa su?"

"Kamfani biyu ne. Kowa da irin gurbinsa." Ta buɗe madabod ɗin ta nuna mini wani ɗan murabba'i a tsakiya, ta kawo firosesar kusa ba tare da ta taɓa ba. A idona duk murabba'i ne. Na ce ko a ɗan danna ta? Ta janye hannunta da sauri kamar na ce a jefa ta rijiya.

Sannan ta ɗaga katin hoton da hannu biyu. Ta gwada shi a jikin akwatin da za a zuba kayan, ya fi akwatin tsawo da kusan yatsa uku. Mijinta ya ce in ana so zai iya yanke bayan akwatin da zarto. Ta harare shi.

"Wa ya ce ka sayi wannan?"

"Yayana. Ya ce tunda hotuna ne aikina."

"Na masu wasan gem ne da masu haɗa fim. Kai karatu za ka yi. Firosesar da na rubuta maka tana nuna hoto da kanta. Ka mayar."

Na koma da kaina, ban gaya wa Yaya ba. Dattijon mai shago ya saurare ni har na gama, ya ce ai shi ya tambaye ni, na ce masa mai ƙarfi ce. Na amsa laifina. Madabod ya canza mini ba gardama, wannan karon da shuɗin kwalin a hannuna. Katin ne ya ja magana, don an riga an yage ledarsa. Daga ƙarshe muka daidaita ya karɓa, ya ba ni babban allon kallo a madadinsa. Na fito ina jin na fara gane harkar.

Asabar ta gaba muka haɗa. Ni dai riƙe sukurudireba ne aikina, sai inda aka ce in ɗaura. Malama ta zaunar da firosesa a gurbinta a hankali, ta ɗiga mata wani farin man shafawa kamar ƙwayar gero, ta ɗora fanka a kai. Ram ta ce in danna da kaina har sai na ji ƙas. Na danna, na ji ƙas, na ɗauka na karya. Ta ce haka ake so. Wayoyi kuwa ba a magana, wasu masu faɗi, wasu sirara kamar tsinke, kowace da ramin da take shiga, kuma rubutun da ke gefen ramukan sai da ta haska fitilar waya.

Wajen azahar aka gama. Na je masallacin unguwar na dawo, na tarar sun jona allon suna jirana. Ta ce ni zan kunna. Na yi bisimilla na danna. Fankoki suka tashi gaba ɗaya, wata 'yar fitila ta kama. Muka zuba wa allo ido. Baƙi ƙirin.

Ta ce a ɗan jira. Muka jira. Ta kashe ta kunna. Ta cire ram ta mayar, ta canza masa gurbi. Ta shiga ɗaki ta kwanto wayar talabijin ɗinsu ta gwada. Mijinta ya ce ko wutar ce ba ta da ƙarfi, ya tayar da janareta. Rana ta karkato ta shigo ƙarƙashin rumfar, gumi yana ɗiga daga haɓata. Ni ban san ma abin da zan yi zargi ba. Na fara tunanin ko ƙas ɗin nan da na ji ne, na kuma kasa faɗa.

Can ta zauna a benci ta jawo kwandon da muka zuba kwalaye. Ta ɗauki shuɗin tana juyawa, sai ta kai shi kusa da idonta.

"Malam, wannan harafin na ƙarshe daga ina?"

"Mai shago ya ce duk ɗaya ne."

Ta dafe goshi. "Ranar nan jan kwalin ya ɗauke mini hankali, ban duba wannan ba. Mai wannan harafin ba ta nuna hoto. Ƙarfinsu ɗaya, gaskiyarsa, amma ita sai an sa mata kati."

Na jujjuya maganar a raina. Ni da nake wuni ina gaya wa ɗalibai ɗigo ɗaya yana canza kalma.

Na ce, "Kati? Irin wanda na mayar?"

"E. A'a. Ba irinsa ba, ƙarami."

"Amma kin ce ba na bukata."

"Da ba ka bukata. Yanzu kana bukata."

"To a mayar da firosesar mana."

"An riga an shafa mata mai, ba za su karɓa ba."

Mijinta ya juya baya yana gyara katakon da ba ya bukatar gyara, kafaɗunsa suna rawa.

Ban san yadda labarin ya kai kunnen Yaya ba, ina zargin maiɗakina. Washegari da la'asar sai ga shi a gida, ko zama bai yi ba.

"Mi nac ce maka? Ba kati nac ce ba?"

Na ce ai ba don hotunan ba ne, don wani harafi ne, kuma wanda ya zaɓa ko akwatin bai shiga ba. Ina cikin bayanin na ji ni kaina ban gamsu da shi ba. Ya ce, "An sa kati ko ba a sa ba?" Na ce za a sa. Ya ce to shi ke nan. Har yau a wurinsa haka zancen yake, kuma ya ba da labarin a wurin suna biyu da na sani.

Karo na uku da na shiga shagon dattijon, yana hango ni ya fara murmushi. Na ce katin hoto nake so. Ya miƙa hannu zai sauko da zungureren nan, na ce a'a, ƙarami. Wannan karon na kira Malama na ba shi wayar suka yi magana, ni kuma na tsaya gefe ina kallon titi. Ya kawo wani ɗan abu da bai fi tafin hannuna ba.

Da na kai wa Malama, ta soke shi a gurbinsa, ta mayar da wayar allo jikinsa, na danna. Rubutu fari ya bayyana. Mijinta ya yi tafi, ita kuwa ajiyar zuciya kawai ta yi. A ranar ta zuba wa na'urar manhaja, muka juye hotunan daga laftof, na buɗe wani shafi na rubutun kakanmu na ƙara girmansa har wasali ɗaya ya kai girman ƙwayar wake. Awa biyu na'urar tana aiki a cikin zafin nan ba ta ɗauke ba.

Muna tattara kwalaye ne wani siririn faranti na ƙarfe mai ramuka ya faɗo daga kwalin madabod. Na ɗauka na tambaya ko shara ce. Malama ta karɓa, ta leƙa bayan akwatin inda wani dogon gibi yake a buɗe kewaye da ramukan wayoyi, ta rufe ido.

"Murfin baya ne. Shi ake fara sawa kafin komai."

"To a sa yanzu."

"Sai an kwance duka."

Muka kalli juna, muka kalli na'urar tana ta juya fankokinta lafiya lau. Na tambaye ta me zai faru in ba a sa ba. Ta ce ba komai, sai dai ƙwari. Mijinta ya yanko wani ɗan kyallen gidan sauro ya liƙa a wurin da salatif, ya taya ni ɗora akwatin a keke. Farantin na sa shi a aljihun riga na tafi da shi gida.