Allon da Ya Ƙi Jin Yatsan Malam Gide

A Unguwar Dada, wani ɗan ƙauye da ke bayan Tafoki, in ka ce kana neman Malam Gide sai a tambaye ka: igiya kake so, ko rubutu? Sana'o'insa ke nan bayan noma. Da rani yana zaune gindin tsamiyar ƙofar gidansa yana tufka igiyar rama, wadda makiyaya ke zuwa saye tun daga wajen Sabuwa. Rubutun kuwa ba ya kawo masa komai sai godiya, amma da za a ce ya zaɓi ɗaya, da igiyar ce za ta sha ƙasa.

Aji shida ya yi a firamare, mahaifinsa ya ce boko ya isa haka, gona na jira. Ya fito da abu guda da ba wanda ya ƙwace masa, wato hannu mai kyau. Haruffansa a tsaye suke cak, kowane da wutsiyarsa. Shekaru da yawa shi ke rubuta wa tsofaffi wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da ke ci-rani a kudu, har wayar hannu ta zo ta kashe masa kasuwa, ko sallama ba ta yi masa ba. Abin da ya rage masa shi ne littafin ƙungiyar manoma, mai baƙin bango, wanda yake riƙe da shi shekara ashirin da bakwai. Shekarar da tsaro ya lalace mutanen ƙauyen suka koma Faskari na wata huɗu, matarsa Baraka ta ɗauki tukwane da tabarmi, shi kuwa littafin nan ya naɗe a leda ya cusa cikin riga. Har yau tana yi masa gori a kai.

Malam Gide ba ya jera sunaye yadda aka koyar a makaranta. Gida-gida yake bi. Yakan fara daga gidan gabas na bakin rijiya, ya zagayo ta masallaci, ya ƙare da nasa gidan. Ta haka ba ya tsallake kowa. Ya san gonar da ke hannun marayu, ya san matan da mazansu suka rasu suka bar musu noma, irin su tsohuwa Safara'u, wadda ba ta zuwa taro, ba ta kuma da mai yi mata magana.

Bana, ana cikin zafin bazara, sai ga Malama Hamida a kan babur. Ita ce jami'ar wata ƙungiya da ke raba wa manoma irin masara da taki kafin damina. Ta zauna a kan benci, ta zaro wani abu mai faɗin farantin shayi, fuskarsa gilashi.

"Baba, bana ba a karɓar takarda," in ji ta. "Kwamfutar hannu ce wannan. Duk sunan da bai shiga cikinta ba zuwa ranar Alhamis ta sama, ba shi da iri. Ran nan za ku zo Faskari da ita, kowane magatakarda ya nuna ya iya. Wanda ya kasa, sai mu karɓe mu turo ma'aikacinmu ya riƙa yi."

Malam Gide ya san aikin baƙo: ya zauna a inuwa, ya rubuta waɗanda suka zo da ƙafarsu, ya hau babur. Wa zai gaya masa akwai wata Safara'u a bayan danga? Kuma in aka karɓe rubutun nan, shi me ya rage masa, sai rama?

"Ai ba wuya, Baba," ta ce. Ta taɓa gilashin, haruffa suka fito a jere daga ƙasa. Yatsunta suka yi ta tsalle a kai, nan da nan ga sunansa ya bayyana. Ta nuna masa inda ake gogewa da inda ake adanawa, har ta buɗe masa Alƙur'anin da ke ciki don ya ga abin ba na wasa ba ne kaɗai. Ya yi ta gyaɗa kai. Kunya ta hana shi gwadawa a gabanta, don yarinyar sa'ar 'yarsa ta uku ce.

Tana tafiya ya shige zaure, ya ɗora allon a cinya, don shi allo ya sa masa suna. Ya yi bisimilla, ya miƙa manuniya ya taɓa harafin farko. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya danna da ƙarfi har gilashin ya yi wani ɗan kuka, ya janye hannu da sauri. Ya gwada babban yatsa, ya gwada na tsakiya, allon ya yi kamar bai san da mutum a wurin ba.

Baraka ta shigo da kwanon fura ta tsaya tana kallo.

"Malam, mi ya hwaru kake ta zuhwa haka?"

"Abin ga ne ya lalace tun ba a je ko'ina ba."

Ta sa ɗan yatsanta, wanda ta gama dama fura da shi, ta ɗan shafi gilashin. Haruffa biyar suka faɗo a jere. Baraka, wadda ba ta san ko bihim a boko ba! Ta yi dariya har ta dafa bango.

"Yo ai lahiyarshi lau. Halan kai ne bai sani ba, ka gaishe shi tukuna."

Ya yi murmushin yaƙe, amma maganar ta soke shi. Ya daɗe yana juya hannunsa yana dubawa. Hannun da ya rubuta wasiƙu sun fi dubu, yau gilashi ya ce bai ji shi ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya fara tunanin ko tsufa ne ya zo ta yatsu.

Aka kira azahar. Ya yi alwala ya yi salla, ya dawo ya ɗauki allon ba da wani fata ba. Yana taɓawa sai harafi ya fito. Ya taɓa na biyu, ya fito. Nan da nan ya rubuta mutum uku na gidan bakin rijiya. Yana cikin na huɗu allon ya sake ɗaukewa, kamar jakin da ya ga rafi. Bayan la'asar haka, suna uku, sai tsit. Bayan magariba ma haka.

Malam Gide mutum ne mai lura, sai dai a wannan karon lurar ta kai shi wani gari daban. Washegari ya kira Baraka ya rage murya.

"Na gano shi. Abin ga ba ya taɓuwa sai da alwala. Alƙur'ani na ciki, na gani da idona. Ga sunayen bayin Allah, su Abdulganiyu. Dole ya nemi tsarki."

"To ni da na taɓa shi jiya da hannun hura hwa?"

"Ke wasa kika yi, ba rubutu ba."

"In haka ne, don mi yake tsayawa alhali alwalarka ba ta karye ba?"

Daga baya ya yanke hukunci cewa lalle tana karyewa bai sani ba, shekaru sun ja. Ranar ya hana a sa masa wake a abinci, ya yi sallama da ƙosan safe, wanda bai taɓa fashinsa ba tun yana saurayi.

Haka aka shiga aiki. Buta a dama, littafi a hagu, allo a cinya. Ya yi alwala cikakkiya, ya rubuta suna uku ko huɗu, allon ya ƙi, ya tashi ya sake. Ga bazara, rijiya ta ja baya, ruwan da ake wahalar ɗebowa yana ƙarewa a ƙafar Malam. Baraka ta fara rufe randa da faifai tana ɗora dutse. Ran Litinin da ruwa ya yanke, ya ce ai addini ya yi sauƙi, ya buga taimama. Allon ya ƙi ko motsi, ya kuma yi dauɗa. Malam Gide ya girgiza kai ya ce wanda ya ƙera abin nan karatunsa bai yi nisa ba.

Magana ta fita gari. Wasu suka ce waswasi ya kama shi, wasu suka ce wani wuridi ya karɓo. Bai kula ba. Abin da ke cin ransa shi ne kwanaki na tafiya. Ga kuma wani baƙin cikin da bai faɗa wa kowa ba: sunayen da ke fitowa a gilashin ba su da kamannin hannunsa ko kaɗan. Harafin da ya buga da wanda Baraka ta buga duk ɗaya ne.

Ran Alhamis ya hau motar Faskari da sauran gida goma sha ɗaya bai shigar ba, kuma gidan Safara'u na cikinsu, don yana can kusa da ƙarshen zagaye. Ya riƙe allon a ƙirji, butarsa cike a ɗaya hannun. A ɗakin taron akwai magatakarda sun kai ashirin, mafi yawansu ba su kai rabin shekarunsa ba. Malama Hamida tana bi ɗaya bayan ɗaya. Kafin layi ya zo kansa, alwalar da ya yi a waje ta daɗe da bushewa.

"Bismilla, Baba. Shigar da suna ɗaya in gani."

Ya taɓa. Shiru. Ya sake taɓawa, gumi na bin bayansa. Ya ji idanun ɗakin duka a kansa. Ya miƙe a hankali ya ɗauki buta.

"Malama, a yi mani haƙuri in sabunta alwala. Ba ya yarda da ni sai da ita."

Dariya ta ɓarke daga baya. Malam Gide ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Malama Hamida ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu aka yi tsit.

"Baba, buɗe mini tafin hannunka in gani."

Ya buɗe. Kan kowane yatsa kanta ce ta shekara arba'in, ta fartanya da ta rama, ta yi tauri ta bushe kamar ƙirgi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta zaro hankicinta, ta karɓi butar ta jiƙa shi, ta shimfiɗa a gefen tebur.

"Ɗan taɓa nan da yatsa, sannan ka taɓa harafin. Kada ka danna, shafa kawai."

Ya yi yadda ta ce. Harafi ya fito. Ya sake, wani ya fito.

"Gilashin nan fata mai laushi yake ji," in ji ta. "Taka ta yi kanta, ga bushewar rani. Ba alwalar yake so ba, damshin ruwan ne. Mahaifina ma haka yake fama da wayarsa, shi da gwiwar yatsa yake amsa kira."

Malam Gide ya koma ya zauna. Wata doguwar ajiyar zuciya ta ƙwace masa, ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Ashe ba tsufa ba ne, ba kuma alwalarsa ce ke zuba ba. Sai dariya ta kama shi, shi kaɗai, har da hawaye.

"Kwana bakwai ban ci ƙosai ba, 'yar nan," ya ce. "Rashin sani ya hi dare duhu."

Wannan karon da ɗakin ya yi dariya, tare da shi aka yi. Ya gyara zama, ya buɗe baƙin littafinsa, yatsa ɗaya tsakanin hankici da gilashi, tsakanin hankici da gilashi. Ba sauri yake ba, amma bai tsaya ba. Kafin la'asar ya shigar da Safara'u, ya bi sauran gidajen, ya rufe da sunansa. Malama Hamida ta duba ta ce allon ya ci gaba da zama a hannunsa. Ta ƙara da cewa in yana so, ya riƙa goge kantar da dutsen kaushi.

"A'a," ya ce. "Ita ke ciyar da gidana. A bar ta, tsumma ya ishe mu."

Da ya koma gida ya ba Baraka labari, ta riƙe haɓa ta ce, "Wato randa huɗu ka ƙarar mani a kan abin da cokali ɗaya zai yi?" Washegari da safe ta aje masa ƙosai a kwano har ya yi tozo, da wani ƙyalle da ta yanko daga tsohon zanenta ta kalmashe bakinsa. Har yau in zai fara rubutu yakan yi alwala, sau ɗaya dai. Ya ce sunan mutane amana ne, ba a yi asara ba.

Mako uku bayan haka motar iri ta iso, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Aka taru a gindin tsamiya. Wani ma'aikaci da bai taɓa zuwa ƙauyen ba ya riƙe allon yana kiran suna, Malam Gide na gefe a kan tabarma yana tufka, yana yi kamar ba ya saurare. Aka kira gidan bakin rijiya, aka kira na kusa da shi, aka zagayo ta masallaci. Can sai mutane suka fara miƙewa tun ba a kira su ba, kowa na ganin maƙwabcinsa ya karɓa sai ya matso.

Ana kiran maƙwabcinta Kamilu, tsohuwa Safara'u ta dogara sandarta ta tashi daga cikin mata. Ma'aikacin ya ce, "Iya, dakata tukuna, ban kira ki ba."

"Duba dai, ɗana," ta ce. "In hannun Malam Gide ne, daga Kamilu sai ni."

Ya duba gilashin, ya ɗago ya dube ta, ya kira sunanta. Malam Gide ya sunkuyar da kai kan igiyarsa, ya daɗe bai ɗago ba.